Ajin Hutu na Gwangwani da Kwali a Garwa: Inda Ya Yi Kyau da Inda Ya Gaza

A dogon hutun makarantu, wanda a Kamaru yake kamawa daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, wata malamar firamare da ke zaune a unguwar Yelwa a Garwa takan buɗe ajin aikin hannu na yara a tsakar gidanta. Abin da ake yi a ajin shi ne sarrafa gwangwanaye da kwalaye da gorunan roba da aka riga aka cinye abin da ke cikinsu, a mayar da su kayan wasa da ƙananan kayan amfanin gida. Na sa 'yata mai shekara goma da ƙanenta mai shekara bakwai a wannan aji a hutun bana, kuma tun da iyaye da dama sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗin da ake biya, na ga ya kyautu in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Ana zama da safe sau uku a mako, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, ana biyan sefa 5,000 a wata kan kowane yaro, kuma kowane yaro shi ke zuwa da gwangwanayensa da kwalayensa daga gida. Malama tana koyarwa da Faransanci idan maganar awo ce, ta juya Fulatanci ko Hausa idan tana son yaro ya gane da sauri, kamar dai yadda ake magana a kowace kasuwa ta Garwa.

A takardar da ta raba wa iyaye, ta rubuta cewa manufar ajin ita ce a koya wa yara tsabtace muhalli ta hanyar rage shara. Wannan magana ba ta gamsar da ni ba, domin a garinmu gwangwani da gora ba su cika zama shara ba. Gorar ruwan Tangui da aka shanye tana da masu sayenta tun kafin ta kai bola: mai zoɓo tana nema, mai kunun aya tana nema, mai soyayyar gyaɗa da mai man gyaɗa duk suna nema. Gwangwanin madara ma'auni ne a hannun masu sayar da shinkafa da gari, jarkar man girki na Diamaor da ta ƙare takan koma ta ɗibar ruwa, gwangwanin lemo kuma masu zubin tukwane ne ke tarawa. Sharar da ta dame mu da gaske ita ce baƙar leda, wadda ke toshe magudanun ruwa da damina, dabbobi su haɗiye ta su mutu, ragowar kuma ta gangara kogin Binuwai. Gwamnati ta sa hannu a dokar hana sirarar leda, mai kaurin mikron 60 ko ƙasa da haka, tun shekarar 2012, dokar ta fara aiki a 2014, amma duk wanda ya je kasuwa ya san ledar tana nan. Ajin yara ashirin da 'yan kai ba zai taɓa wannan matsala ba, kuma leda ma ba ta cikin kayan aikinsa. Saboda haka wanda zai kawo ɗansa don a rage shara a Garwa, gara ya riƙe kuɗinsa. Amfanin ajin yana wani wuri dabam, wato a hannun yaro da idonsa da haƙurinsa, kuma a can ne na same shi ya fi abin da na yi tsammani.

Makon farko gaba ɗaya ba a ƙera komai ba, tantance kaya kawai aka yi, kuma a ganina shi ne mako mafi daraja. Malama takan sa yara su zube abin da suka kawo a kan tabarma, ita kuma ta ɗauki kowace gora ta buɗe ta shinshina kafin ta yarda a taɓa ta. Dalilinta a fili yake ga duk mazaunin wannan yanki. Ana sayar da man fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa a kwalabe da goruna a bakin hanya, ƙasarmu kuma ƙasar auduga ce, inda robobin maganin feshi ke yawo a gidaje bayan an gama aikin gona. Robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta wankuwa ta koma lafiyayya, ko da an cuɗa ta da sabulu, kuma Malama ba ta karɓar kowace roba da ba ta san abin da aka fara zubawa a cikinta ba. Na ga ta mayar wa wani yaro da wata jarka mai kyan gani, ta ce ya kai wa mahaifinsa ya gaya masa kada a zuba ruwan sha a ciki. Bayan tantancewa sai wanki da sabulu da toka, a kife kayan a rana su bushe. Ta hana a bar gwangwani a buɗe a tsakar gida ko da na kwana ɗaya, domin da damina ruwan da ya taru a ciki gidan sauro ne, kuma lokacin ajin ya zo daidai da lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara.

A cikin wannan makon ne ta koya musu bambanta kayan da kansu. Ta ciro maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo, ta ba yara suna gwadawa: ya kama gwangwanin tumatir da na madara, domin ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa da wuri, amma bai kama gwangwanin lemo ba, domin shi alminiyom ne. Ta nuna musu lambar da ke cikin alama mai kusurwa uku a gindin roba. Mai lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, tana yankuwa da almakashi cikin sauƙi amma ruwan zafi yana murɗe ta. Mai lamba 2 ita ce irin ta jarka, mai tauri. Mai lamba 5 kuma irin ƙaramin bokitin bota da na cakulan, wadda ta fi jure zafi. Ɗana ya shafe kwanaki yana juya robobin kicin yana karanta gindinsu, har mahaifiyarsa ta gaji ta kore shi.

Aikin da ya fi komai kyau shi ne motar gwangwani, kuma a nan ya kamata in ɗan tsaya. Duk namijin da ya girma a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya san wannan mota, kamar yadda ya san motar kara da ta langa-langa, kuma babu wanda ya biya kuɗi aka koya masa. Da na ji za a yi ta a aji, sai na ce a raina ashe abin da yaran unguwa ke yi kyauta shi za a sayar mana. Amma yadda Malama ta tsara aikin ya bambanta da na bakin titi. Ta gayyato wani dattijo cikin masu aikin gwangwani na kasuwa, irin waɗanda ke ƙera mazurari da fitilar aci-balbal da ludayin awon mai, ya zo ya zauna da yaran. Shi ya nuna musu yadda ake danne bakin gwangwanin kifi da filaya, a bi shi da magagari har kaifin ya mutu, sannan a ɗora gwangwanin a kan guntun katako a huda shi da ƙusa ba tare da ya lotsa ba. Malama kuma ta shigo da awo. Kafin yaro ya huda rami sai ya auna da rula, ya sa alama a gefen dama da na hagu a tsayi ɗaya, domin idan rami ɗaya ya fi ɗaya bisa da ko da rabin santimita ne, wayar da ke riƙe tayoyi za ta karkace, motar kuma ba za ta tafi daidai ba. Ana yanka tayoyi daga tsohon silifas, kuma nemo tsakiyar taya shi ne darasin da ya fi wahalar da su. Ta koya musu su zana da'irar a takarda, su yanke ta, su ninka biyu, su sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Yaron da ya yi gaggawa ya huda da ka yakan ga motarsa tana ɗingishi, kuma ba ya bukatar kowa ya gaya masa ya yi kuskure.

Dattijon ba mai yawan magana ba ne. Yaran na kiransa Baba, shi kuma yana ce wa kowannensu jikana, kuma idan yaro ya kawo masa aikin da bai yi ba, sai ya juya shi a hannu ya ce, "Jikana, je ka sake, ƙarfen bai ƙare ba." Manyan yaran, 'yan aji biyar da shida, sun wuce ƙaramar mota suka haɗa babbar motar ɗaukar auduga irin ta kamfanin auduga na Sodecoton, da kai na gwangwanin madara da bodi na kwalin sukari, da doguwar waya mai sitiyari wadda ke juya tayoyin gaba da gaske. Wannan juyawar ita ce ta ɗauke su mako guda, domin sai da suka gane cewa dole wayar gaba ta kasance a kan ƙusa guda da za ta zama mata majuyi. Ban ga wani darasi a littafinsu na makaranta da ya sa suka yi gardama a kan dalili da sakamako kamar wannan ba.

A nan na sami saɓani na farko da tsarin ajin. A ranar da aka fara motoci, an ware 'yan mata gefe aka ba su gwangwanin madara su lulluɓe da ƙyallen atamfa su yi mazubin fensir da asusu. 'Yata ta dawo gida tana ƙorafi cewa sun gama nasu cikin awa guda suka zauna suna kallon maza. Da na je ɗaukar su na yi wa Malama magana, sai ta ce, "Alhaji, wasu iyayen ne ba sa son 'ya'yansu mata su riƙe guduma." Na ce, "Malama, tawa dai a ba ta." Ta ba ta, wasu 'yan matan kuma suka biyo baya da iyayensu suka ga babu abin da ya faru. Na yaba da saurin da ta karɓi maganar, amma da ta tambayi kowane uba ko uwa tun ranar rajista, da ba a ɓata wa yaran mako ba. Lulluɓe gwangwani da ƙyalle ba ya koyar da awo, ba ya koyar da haƙuri, ado ne kawai.

Aikin kwaɓaɓɓen kwali ya zo da nasa darasin, wanda yanayi ya koyar fiye da Malama. Ana yayyaga kiret ɗin ƙwai da kwalin taliya, a jiƙa su kwana guda, a daka a turmi, a matse, a haɗa da kokon sitacin rogo da ɗan gishiri, sannan a shafa a bayan kwano ya ɗauki siffarsa. Hanya ce mai kyau kuma mai araha, tun da babu gam ɗin kanti a ciki, kuma don manna takarda Malama tana jiƙa ƙaro ne, irin wanda ake samu a kasuwa wanda maƙwabciyarmu Chadi ke fitarwa ƙasashen waje da yawa. Matsalar ita ce an sa wannan aiki a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Garwa kuma iska ke ɗauke da laima. Kwanonin da da a watan Maris ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za su bushe cikin yini guda, sun yi kwanaki a jiƙe, kusan rabinsu suka yi fumfuna, wasu kuma kyankyasai suka ci saboda sitacin. Yaran da nasu ya lalace sun yi kuka. Da an fara da wannan aiki a farkon hutu, ko a riƙa shafa shi siriri-siriri ana barin kowane shafi ya bushe, da asarar ba ta kai haka ba.

Inda ajin ya gaza sosai shi ne ayyukan da Malama ta kwaso daga hotunan intanet a wayarta. Akwai furannin gindin gora, da tsuntsun kwali mai idon roba, da wani gida mai kyalkyali. Waɗannan duka suna bukatar fentin kanti da gam ɗin da ake narkawa da wutar lantarki da ƙyalƙyali na leda, kuma don su ne aka nemi kowane yaro ya ƙara sefa 2,000 da ba a faɗa ba tun farko. Ga shi na'urar gam ɗin guda ɗaya ce, tana da zafin da ba za a ba yaro ba, don haka Malama ce ke mannawa yara suna layi, idan aka ɗauke wuta kuma aiki ya tsaya. Abin da ya fito a ƙarshe ya yi kyau a hoto, iyaye sun ɗauka sun sa a WhatsApp, amma rabinsa aikin Malama ne, kuma furannin ba su kwana bakwai ba suka ɓalle. A ce an kawo gora don kada a kashe kuɗi, sannan a sayi kayan kanti a manna mata, wannan ai an yi gudun gara an faɗa zago. Akwai kuma ranar da aka gwada lanƙwasa bakin furen da harshen kyandir. Hayaƙin roba ba abin da yaro zai shaƙa ba ne, na faɗa mata haka, kuma ba a sake ba.

Ƙananan ayyukan da suka rage ba su da laifi. An yi kacau-kacau da marafan kwalba da aka daddale aka zura a waya, an yi ganga da babban gwangwanin Nido da robar tif ɗin babur, an shuka yakuwa da albasa a gorunan da aka yanke aka huda gindinsu. An kuma zana filin ƙwallo a bayan kwali, marafai suka zama 'yan wasa, kuma ba sai na faɗa ba cewa kowa kore da fari na ƙungiyar ƙwallon Garwa, Coton Sport, yake so ya samu.

Game da lafiyar yara, tsarinta ya fi na gidaje da yawa amma bai cika ba. Wuƙa da reza ba sa shiga hannun yaro, ita da ƙanwarta da ke taimaka mata su ke buɗe gwangwani da fara yanka gora. Tana da akwatin magani da auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo. Duk da haka manya biyu ne a kan yara fiye da ashirin, daga mai shekara biyar zuwa mai sha uku, kuma a ranar da ɗana ya yanke a ɗan yatsa da bakin gwangwanin da bai gama gogewa ba, babu wanda ya gani sai da 'yar'uwarsa ta yi magana. Ciwon ƙarami ne, an wanke an ɗaure, ta kuma kira ni a waya nan take, wanda hakan ya yi daidai. Abin da ya kamata ta ƙara shi ne neman katin rigakafin kowane yaro ranar rajista, domin inda ake aiki da ƙusa da waya da ƙarfe a kan ƙasa, cutar sarƙe-haƙora ba abin wasa ba ce. Haka kuma yaran da ba su kai shekara bakwai ba ba su da abin yi a nan. Hannunsu bai iya almakashi ba, ba su san lambobin rula ba, sukan sa marfi a baki, kuma yawancin lokacin ƙanwar Malama a kansu yake ƙarewa. Na lura wasu iyayen sun kawo su ne don su huta da ɗawainiyarsu da safe, kuma ya kamata Malama ta iya cewa a'a ko da za ta rasa kuɗin.

Wurin kansa rumfar kwano ce a tsakar gida da tabarmi da benci biyu. Akwai randar ruwan sha da makewayi mai tsabta, amma idan ruwan sama ya zo da iska sai feshi ya kori kowa zuwa zaure, inda babu sararin aiki. Ana tashi a kan lokaci, wanda ya ba yara damar cin abinci su huta kafin makarantar allo ta yamma.

Idan aka auna da kuɗin, sefa 5,000 a wata ba ta yi yawa ba ga yaro mai shekara bakwai zuwa sha biyu, musamman idan za a ci gaba da kawo dattijon nan, wanda na ji ana ba shi wani abu daga cikin kuɗin. Na ga canji a 'yata da ban ga irinsa ba bayan darussan hutu na lissafi da Faransanci da na saba biya: yanzu idan za ta yanka wani abu sai ta nemi rula, kuma da madaurin bokitin wanka ya tsinke ita ta huda ta sa waya ta gyara. Wanda zai kai nasa ya tambayi jimillar kuɗin tun farko har da na fenti, ya faɗi a sarari cewa 'yarsa ma za ta yi aikin ƙarfe, ya kuma tanadi gwangwanayen kifi da na madara tun kafin hutu, domin a makon motoci sun yi wuya a unguwar har yara na rigima a kansu.

Malama ta ce tana son ci gaba da ajin a ranakun Asabar bayan an koma makaranta, daga watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ke busar da kwali da wuri. Na gaya mata zan kawo nawa idan ta raba yaran gida biyu bisa shekaru, ta kuma ajiye hotunan wayar ta nemo wata tsohuwa mai saƙar faifai ta koya musu yadda ake tufka zaren buhun shinkafa. Ta ce za ta nemi tsohuwar, amma raba ajin sai ta sami mataimakiya ta biyu, kuma hakan zai ƙara kuɗin wata.